Ɗigon Ƙarshe

Ran Talata nake zuwa shagon Baba Tanimu,
can ƙuryar Sabon Gari, bayan masu walda,
inda janareto biyu ke musu tun hantsi.
Jakata ba nauyi:
dogon bututun gilashi mai zane-zane,
baƙar kwalba, safar hannu,
da littafin da gefensa ya sha ruwa ya kumbura.

Bahon yana lungu, an kife shi da murfi.
Ka buɗe, ruwa garau,
ka rantse daga randa aka kwarfo shi.
Nan tagulla ke aron sunan da ba nata ba:
'yan kunne su shiga a rataye jikin waya,
lantarki ya ratsa,
su fito suna hararar rana.
Amma mai riƙe da zinariyar a cikin ruwan
sayanayid ne,
ɗan'uwan dafin da ke kwance cikin rogo mai ɗaci,
sai dai shi ba a jiƙa shi kwana uku ya huce.

Baba ya ce shekara talatin da ido yake awo.
"Uwani, in launi ya dushe in ƙara,
in ya ƙone in rage, mene ne na kwalabe?"
Na ce, Baba, ido zobe yake gani,
ba ya ganin cikin ruwa.
Ya yi dariya, ya turo mini benci.

Mililita goma na zuƙo, da roba, ba da baki ba.
Na sirka da tataccen ruwa,
na sa ɗan gishirin aidin, shi ne magulmacin,
sannan na sassauta wa ruwan azurfa famfo.

Ɗis.
Gajimare ya taso a gindin kwalba,
na juya, ya ɓace.
Ɗis. Ya taso, ya ɓace.
Dafi na haɗiye azurfa
yadda bashi ke haɗiye albashi,
ko gyatsa babu.

Sai ga Barau, yaron shago,
da galan ɗin asid na wanke sarƙa,
zai dire shi gindin baho don ya amsa waya.
Ban san muryata ta kai haka ba.
Har masu walda sai da suka leƙo.
In biyun nan suka gaisa a ɗaki ɗaya,
ba wanda zai kai ƙofa ya ba da labari.
Na waiwayo, famfo na zuba,
kwalbata ta koma kunu.
Awo ya lalace. Na wanke, na sake daga fari.

Wannan karon ba mai tari.
Ɗis. Juya. Ɗis.
Rabin ɗigo na lakato da bakin kwalba,
sai dusu-dusu ya zo ya zauna,
fatsi-fatsi kamar ruwan gasara,
na juya, na juya, ya ƙi tashi.
Magulmaci ya yi magana: dafi ya ƙoshi.

Na durƙusa, idona daidai da zane,
na karanta, na buga lissafi a bayan rasit.
Baba, ya haura. Ya kusa ninki.

Bai ce komai ba.
Ya dubi tsagar da ke yatsunsa,
ya ce, "Ciwon kan nan na la'asar,
hayaƙin janareto nake ɗora wa."
Can kuma, a hankali:
"Tsohon ruwan fa, ina zan kai shi?"
Muka dubi lambatun ƙofar shago tare.
Ni da shi mun san hanyarsa,
mun san Kubanni, mun san masu latas a bakinta.
Na rubuta masa lambar waya, na ce ya rufe durom ya jira.

A Kwangila, ina jiran mota,
wata yarinya ta sauke mini tiren dafaffen rogo da ƙuli.
Kunnenta na walƙiya, irin aikin Baba.
Sau uku na wanke hannu a shago.
Na sayi ruwan leda, na ƙara na huɗu.